Daga Tsoma Yatsa Zuwa Ƙona Jirgi: Yadda Turanci Ke Auna Kasadar Fara Sabon Abu

Turanci yana da tarin maganganun da ake yi idan mutum zai taɓa abin da bai saba ba, kuma wanda ya koyi harshen a aji yakan ci karo da su ne a wuraren da rashin fahimta ke da tsada, wato a tallar neman ma'aikata, da saƙon shugaba a wurin aiki, da kanun labaran siyasa, da takardar jarrabawa. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne yadda ƙananan littattafan koyon Turanci sukan jera waɗannan maganganu a shafi guda, su ba su fassara ɗaya, wato gwadawa. Amma wanda ya ce zai "give it a shot" da wanda ya ce ya riga ya "taken the plunge" alkawura biyu mabambanta suka ɗauka, domin na farko yana iya janyewa gobe ba tare da kowa ya ga laifinsa ba, na biyu kuwa ya sanar da jama'a cewa ya sa dukiyarsa ko sunansa a ciki. Kowace ɗaya daga cikin maganganun tana ɗauke da bayani a kan girman kasadar, da yiwuwar komawa baya, da kuma wanda zai ɗauki asara idan abin ya ƙi, kuma wannan bayanin ne ke salwanta idan aka haɗa su duka a fassara guda.

Batun ya ƙara zama na kusa ga Hausawan Nijar tun daga watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin mulkin ƙasar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Turanci tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A Najeriya da Gana kuwa an daɗe ana rayuwa da wannan matsala a makaranta da ofis.

Salon magana da bambancinsa da karin magana

Abin da Turawa ke kira "idiom", wanda malaman Hausa da dama ke kira salon magana, jerin kalmomi ne da ma'anarsu a haɗe ta sha bamban da ma'anar kowace kalma ita kaɗai. Bahaushe ya san wannan a harshensa, domin idan aka ce wani ya ci amana ko ya sha kashi, babu wanda zai tambayi abin da ya tauna ko ya kurɓa. Karin magana kuma cikakkiyar jimla ce mai ɗauke da hukunci ko nasiha, kamar "nothing ventured, nothing gained", wadda ke nufin wanda bai yi kasada ba ba zai samu ba, da kishiyarta "look before you leap", mai gargaɗin a duba kafin a yi tsalle. Salon magana guntu ne da ake sakawa a cikin jimla, yana karɓar mai aikatawa da lokaci kamar kowace aikatau, amma ƙashin bayansa ba ya canzawa. Ana cewa "take the plunge", ba a cewa "take a plunging", kuma idan aka musanya kalma ɗaya da mai kama da ita, mai jin harshen zai ji maganar ta karye ko da ya gane nufin mai yin ta.

Gwaji mai araha

Rukunin da ya fi yawa a bakin mutane shi ne na gwajin da ba ya cin komai. A nan ake samun "give it a try", da "give it a shot", da "give it a go", da "give it a whirl", da "have a crack at it", da "take a stab at it". Dukkansu suna nuna cewa mai magana bai yi alkawarin nasara ba, kuma yana roƙon a yi masa uzuri tun kafin ya fara. Ma'aikacin da aka miƙa wa aiki ya amsa da "I'll take a stab at it" yana faɗa wa shugabansa ne a fakaice cewa abin da zai kawo daftarin farko ne da ke buƙatar gyara. Bambancin da ke tsakaninsu galibi na ƙasa ne da na yanayi: "have a go" da "have a crack" sun fi yawa a Ingila da Ostareliya, "give it a shot" ya fi kama da bakin Amurkawa ko da yake yanzu ya bazu ko'ina, "give it a whirl" kuma yana da sigar raha, ya fi dacewa da gwada sabon abinci ko wasa fiye da batun aure ko jari. "Try your hand at" ya keɓanta da sana'a ko fasahar da ake koya da hannu ko da basira, kamar ɗinki, girki ko rubutu.

Akwai tarko guda biyu a wannan rukuni. Na farko, a Turancin Ingila "have a go at something" gwadawa ne, amma "have a go at someone" yi wa mutum faɗa ne ko kai masa farmaki da baki, haka ma "take a shot at someone" a Amurka suka ce da habaici. Kalma ɗaya da ta biyo bayan "at" ita ke raba su. Na biyu, kalmar "shot", wadda asalinta harbi ne, tana sauya nauyi gwargwadon abin da aka jingina mata. "Give it your best shot" umarni ne na a yi iyakar ƙoƙari, "a long shot" abu ne da nasararsa ke da wuya ƙwarai kamar harbin abin da ke nesa, "a shot in the dark" kuwa lalube ne cikin duhu, canki-canka ba tare da wani bayani a hannu ba. Idan likita ko lauya ya kira wata hanya "a long shot", yana shirya zuciyar mai sauraro ne ga rashin nasara, kuma wanda ya ji kalmar a matsayin ƙarfafa gwiwa ya ji akasin abin da aka faɗa masa.

Matakan shiga ruwa

Babu inda Turanci ya tsara girman kasada dalla-dalla kamar a maganganun da suka shafi ruwa. Masana harshe George Lakoff da Mark Johnson sun yi bayani a 1980 cewa irin waɗannan maganganu ba a warwatse suke ba, sukan taru ne a ƙarƙashin hoto guda da al'umma ke kallon wani al'amari da shi. A nan hoton shi ne sabon al'amari ruwa ne da ba a san sanyinsa ko zurfinsa ba, kuma ana iya bin maganganun daga gaɓa har tsakiya.

Mataki na farko shi ne "test the waters", wato a ɗan taɓa a ji yanayin abin kafin a yanke shawara. Wanda ke wannan matakin bai shiga ba tukuna, yana sauraron yadda jama'a ko kasuwa za su karɓi abin ne. A Amurka maganar ta shiga har cikin dokar zaɓe. Hukumar da ke kula da kuɗaɗen zaɓen tarayya tana ɗaukar mutum a matsayin ɗan takara da zarar ya tara ko ya kashe fiye da dala 5,000 don neman kujera, amma ta ware abin da ta kira ayyukan "testing the waters", kamar jin ra'ayin jama'a da tafiye-tafiyen tuntuɓa, waɗanda mutum zai iya yi kafin ya bayyana takararsa. Saboda haka idan jaridar Amurka ta ce wani gwamna yana "testing the waters", tana bayyana wani matsayi ne da doka ta sani, kuma kuskure ne a fassara shi da cewa ya fito takara.

Daga nan sai "dip a toe in the water", tsoma ɗan yatsan ƙafa, wanda ke nufin an fara da ɗan kaɗan, kamar kamfanin da ya buɗe reshe ɗaya tak a wata ƙasa. Sai "get your feet wet", wanda ya fi shafar ɗan koyo da ke samun gogewarsa ta farko. Bai kamata a rikita wannan da "get cold feet" ba, domin shi wannan karaya ce a daidai lokacin da ya kamata a aikata, kamar angon da ya fara ja da baya ana gobe ɗaurin aure. Sai kuma "take the plunge", faɗawa gaba ɗaya bayan an daɗe ana jinkiri, kuma an fi yin sa a kan aure, sayen gida, ko ajiye aikin albashi don kafa sana'a. Hausa tana da kalmar da ta yi daidai da wannan hoto, domin kafafen yaɗa labarai sukan ce malaman jami'a sun tsunduma yajin aiki ko wani ya tsunduma harkar siyasa. Abin da maganar Turancin ta ƙara shi ne nunin cewa an yi ta wasiwasi kafin a tsunduma.

Wanda ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne "the deep end". Wurin ninƙaya na zamani, irin wanda ƙananan hukumomin Ingila suka fara ginawa tun ƙarni na 19, ƙasansa a gangare yake: a gefe ɗaya ruwan iya ƙugu ne ko ƙirji, nan ake koya wa yara, a ɗaya gefen kuma ya shanye tsayin babban mutum, ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Wanda ya "jump in at the deep end" shi ya zaɓi ya fara da mafi wuya. Wanda aka "thrown in at the deep end" kuwa jefa shi aka yi, ba tare da horo ko mai riƙe masa hannu ba, kuma abin da ya rage masa shi ne "sink or swim", ko ya nitse ko ya yi iyo ya fita da kansa. Bambancin da ke tsakanin "jump" da "thrown" shi ne bambancin wanda ke da alhaki. Sabon malamin da aka ba aji mai ɗalibai fiye da ƙima a ranarsa ta farko, idan ya ce an jefa shi "at the deep end", ƙorafi yake yi cikin ladabi a kan waɗanda suka ɗauke shi aiki. Idan kuma kamfani ne da kansa ya rubuta a tallarsa cewa sabon ma'aikaci zai fara daga can, to ya sanar ke nan cewa babu wani tsarin koyarwa da ke jiran sa. A ƙarshen wannan jeri akwai "uncharted waters", tekun da babu taswirarsa, wanda ake faɗa idan al'amarin sabo ne ga kowa da kowa, har da ƙwararru, kamar yadda aka yi ta faɗa a farkon annobar korona a 2020.

Inda babu komawa

Wasu maganganun aikinsu shi ne sanar da cewa ƙofar baya ta rufe. "Throw your hat in the ring" ya fito ne daga damben Turawa na da, inda mai son karawa yakan jefa hularsa cikin fili don nuna ya karɓi ƙalubale, kuma ya shahara a siyasa bayan Theodore Roosevelt ya yi amfani da shi a 1912 lokacin da ya sake neman shugabancin Amurka. Shi ne kishiyar "testing the waters", kuma jaridun Turanci na Najeriya suna cika da shi a lokacin zaɓen fidda gwani, daidai inda Bahaushe zai ce wane ya yanki fom.

"Cross the Rubicon" ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. Rubikon ƙaramin kogi ne a arewacin Italiya da ya kasance iyaka tsakanin lardin da Yuliyus Kaisar ke mulka da ƙasar Italiya kanta, kuma dokar Rum ta hana kwamanda ya ƙetare wannan iyaka da rundunarsa. A watan Janairu na shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, Kaisar ya ƙetare da sojojinsa, abin da ya zama shelar yaƙin basasa. Don haka maganar tana nufin matakin da ya karya wata ƙa'ida kuma ba a iya warware shi, bai dace a yi ta a kan buɗe shago ko canjin makaranta ba.

"Burn your boats" kuma yana nufin mutum ya lalata hanyar guduwarsa da hannunsa don ya tilasta wa kansa ci gaba. Akan danganta hoton da kwamandan Sifaniyawa Hernan Kortes, wanda ya nutsar da jiragensa a gaɓar Meziko a 1519, kuma masu karatun tarihin Musulunci sun san irin wannan labari game da Ɗariƙu bn Ziyad a mashigar Andalus a 711, ko da yake masana tarihi da yawa suna shakkar sa saboda bai bayyana ba sai a littattafan da aka rubuta ƙarnoni bayan aukuwar yaƙin. Ɗan'uwansa "burn your bridges" ya karkata zuwa wata ma'ana a Turancin yau, wato ɓata dangantaka da mutanen da aka bari a baya. Idan abokin aiki ya ce wa mai shirin ajiye aiki "don't burn your bridges", shawara yake ba shi da ya rabu da tsohon maigidansa lafiya, domin wata rana zai iya buƙatar takardar shaida daga gare shi.

Waɗanda suka fito daga sana'o'i

Yawancin maganganun da suka fi ruɗa mai koyo ragowar wata tsohuwar sana'a ce da kalmominta suka sauya ma'ana. "Learn the ropes" daga jiragen ruwa masu filafilai yake, inda sabon matuƙi sai ya haddace aikin kowace igiya a cikin ɗimbin igiyoyin jirgin, kuma yau yana nufin sanin makamar aiki. "Start from scratch" daga wasannin tsere ne, inda "scratch" ke nufin layin da aka ja a ƙasa, kuma wanda ya tashi daga kan layin ba a ba shi ratar ko taki ɗaya ba, saboda haka maganar tana nufin farawa daga tushe ba tare da an gaji komai ba. A "blaze a trail", wato zama na farko da ya buɗe wa wasu hanya, babu wuta ko kaɗan, domin "blaze" a nan farar alama ce da masu keta dazuzzukan Amurka ta Arewa ke yi ta hanyar sassaƙe ɓawon itace, don na baya su gane hanya. Haka nan "leaf" a cikin "turn over a new leaf" shafin littafi ne, kuma maganar tana nufin gyara hali, wanda ke nuna cewa halin da ya gabata ba mai kyau ba ne. Wanda ya taya dattijo murnar sabuwar sana'a da wannan magana ya zarge shi da mugun hali a baya ba tare da ya sani ba.

Na baya-bayan nan daga jiragen sama da ofisoshin kamfanoni suka fito. "Push the envelope", wato kai abu bakin iyakarsa ko ƙoƙarin wuce ta, ba shi da alaƙa da ambulan na wasiƙa. A wurin injiniyoyin jirgin sama "envelope" shi ne iyakar gudu da tsayi da nauyin da jirgi zai iya jurewa lafiya, kuma matuƙan gwaji irin su Chuck Yeager, wanda ya zarce gudun sauti a 1947, aikinsu shi ne su kai jirgi bakin wannan iyaka. Maganar ta shiga bakin jama'a bayan littafin da Tom Wolfe ya wallafa a kan waɗannan matuƙa a 1979. "Think outside the box" kuma, wato yin tunani a wajen abin da aka saba, akan danganta shi da wani wasan ƙwaƙwalwa da masu horar da manajoji suka yayata daga shekarun 1970: ɗigo tara a jere uku-uku, a haɗa su da miƙaƙƙun layuka huɗu ba tare da ɗaga alƙalami ba. Duk wanda ya tsare layukansa a cikin murabba'in da ɗigon suka zana ba zai iya ba, sai ya bar layin ya zarce waje sannan ya karyo.

"A steep learning curve" yana da wata matsala ta daban. A zanen lissafi na asali, irin wanda injiniya T. P. Wright ya yi amfani da shi a 1936 wajen nazarin kuɗin ƙera jiragen sama, layi mai tsananin gangara yana nuna ana samun ƙwarewa da sauri. A bakin jama'a kuwa an ɗauki hoton hawan tsauni, maganar ta koma nufin abu mai wuyar koyo, kuma wannan ma'ana ta biyu ce ake nufi kusan duk lokacin da aka gan ta a tallar aiki ko bayanin wata manhaja. Kusa da ita akwai "hit the ground running", wato kama aiki gadan-gadan tun ranar farko, wanda ake yawan ji a Najeriya duk lokacin da aka rantsar da sabuwar gwamnati.

Saɓanin masana a kan koyar da su

Malaman Turanci da masu tsara jarrabawa suna ganin sanin waɗannan maganganu wani ɓangare ne na sanin harshen, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, domin jarida da fim da hirar ofis cike suke da su, wanda bai san su ba kuwa zai riƙa jin kalmomi yana rasa saƙo. A jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO akwai tambayoyin da ake ba da jimla a nemi ɗalibi ya zaɓi fassarar da ta fi dacewa da ita, haka ma a jarrabawar JAMB, inda Turanci yake wajibi ga kowane ɗalibi. A jarrabawar IELTS, wadda masu neman karatu ko aikin jinya a Ingila ke rubutawa, ma'aunin sashen magana ya ambaci iya amfani da irin waɗannan kalamai a cikin abubuwan da ake dubawa daga mataki na 7 na makin jarrabawar zuwa sama.

Masu rajin sauƙaƙa harshe suna kallon abin ta wata fuska. Marubucin Ingila George Orwell ya ba marubuta shawara a wata maƙalarsa ta 1946 da su guji duk wani kwatance da suka saba gani a rubuce, saboda maganar da aka tauna da yawa takan hana mai yin ta tunani. A Ingila an kafa ƙungiyar fafutukar sauƙaƙa Turanci a 1979, a Amurka kuma an sa hannu a dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubutu a sauƙaƙe a 2010. A ganin wannan ɓangare, manajan da ya ce wa ma'aikata su yi tunani "outside the box" bai faɗa musu abin da za su yi ba.

Ra'ayi na uku ya fito ne daga masu nazarin Turanci a matsayin harshen hulɗar duniya, irin su Barbara Seidlhofer ta Jami'ar Biyana (Vienna) a ƙasar Ostiriya. Sun lura cewa mafi yawan masu magana da Turanci a yau ba harshen uwarsu ba ne, kuma idan ɗan Kano da ɗan Sin suna ciniki, salon maganar da ɗaya ya sani ɗaya bai sani ba cikas ne kawai. A wurinsu nauyin gyara yana kan wanda ya jefo maganar, ko da shi ne Baturen. Idan aka auna ra'ayoyin uku za a ga saɓaninsu bai kai yadda ake zato ba, domin na farko ya fi gaskiya a kan abin da mutum ke buƙatar ganewa, sauran biyun kuma a kan abin da ya kamata ya furta ko ya rubuta. Ɗalibin da ya cusa salon magana biyar a sakin layi ɗaya don burge mai duba takarda yakan rasa maki ne, domin kuskure a cikinsu ya fi fitowa fili fiye da kuskure a jimla mai sauƙi.

Abin da ya shafi mai karatu kai tsaye

Akwai wata muhawara da ta wuce batun harshe. Yawancin maganganun da suka yi tashe a shekarun nan, kamar "step out of your comfort zone" (fita daga inda aka saba jin daɗi), da "fail fast" (a gwada a faɗi da wuri don a koya), da tsohon taken kamfanin Facebook na "move fast and break things" (a yi sauri ko da za a yi ɓarna) wanda kamfanin ya sauya a 2014, sun ginu ne a kan ɗaukar kasada a matsayin abin yabo, jinkiri kuma a matsayin rauni. Masu goyon bayansu suna cewa tsoron faɗuwa ya hana mutane da yawa masu basira motsawa, kuma Hausa ma ta san wannan, tun da ta ce da koyo akan iya, ta kuma ce gemu ba ya hana ilimi. Masu suka kuwa suna nuna cewa maganganun sun taso ne a inda kuɗin da ake kasada da su na masu zuba jari ne, kuma dokar fatarar kuɗi tana ba wanda ya karye damar sake tashi. Matar da jarinta kuɗin adashi ne, ko saurayin da aka sayar da gonar gado aka ba shi, idan suka faɗi sau ɗaya ba lallai su sami na biyu ba, kuma a wurinsu karin maganar da ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi lissafi ce ta hankali. Ya kamata a lura cewa Turancin kansa yana da maganganun taka-tsantsan, irin su "don't bite off more than you can chew", mai gargaɗi a kan ɗaukar abin da ya fi ƙarfin mutum, sai dai masu tallar harkokin zuba kuɗi a intanet ba su cika ɗauko waɗannan ba.

Ga masu fassara a gidajen rediyo da jaridu, haɗarin yana wajen daidaita nauyi. Idan aka fassara "testing the waters" da "ya tsunduma", an sa ɗan siyasa a takarar da bai shiga ba, idan kuma aka fassara "crossed the Rubicon" da "ya gwada sa'arsa", an mayar da babban rikici ƙaramin abu. Na'urorin fassara, waɗanda suka fara karɓar Hausa tun da Google ya saka ta a 2013, sun inganta sosai, amma har yanzu sukan bi irin waɗannan maganganu kalma da kalma, musamman waɗanda ba a cika amfani da su ba, sai mai karatu ya ga ana maganar igiya ko ambulan a labarin da ba ruwansa da su.

Mai neman aiki kuma yana da amfani ya karanta talla da wannan ido. Inda aka rubuta cewa ana son wanda zai "hit the ground running", ana nufin wanda ya riga ya iya aikin, kuma sabon kammala karatu zai fi samun sauƙi a inda aka yi alkawarin za a "show you the ropes", wato za a nuna masa makamar aiki. Idan maigida ya ce "let's give it a go" game da ɗaukar mutum aiki ko ba shi kwangila, abin da ya bayar gwaji ne da zai iya sokewa a kowane lokaci, don haka kafin mutum ya ajiye aikin da ke hannunsa ko ya ciyo bashin sayen kaya, yana da kyau ya nemi a rubuta masa tsawon lokacin gwajin, da abin da za a biya shi a cikinsa, da wanda zai ɗauki kuɗin da aka kashe idan aka fasa.